Haƙorin da Ƙadangare Bai Gani Ba

A gidan su mijina, a unguwar Majidaɗi ta Jalingo, uwa ba ta da baki a kan 'yar fari. Ba ta kiran sunanta, ba ta yabonta, ba ta kare ta a gaban manya, in ta faɗi a tsakar gida wani ne zai ɗaga ta. Su suna ce wa abin semteende da Fillanci, mu mu ce kunya. Mu ma a Sunkani, inda aka haife ni, muna kara, amma tamu ba ta kai nan ba. Ni dai na zo na tarar, na kuma bi, don kada a ce 'yar manoma ba ta da tarbiyya. Har yau bakina bai saba da sunan yarinyar nan ba. "Ke" nake ce mata, in zan ba da labarinta kuma in ce "wannan".

Ranar suna, yayar mijina, wadda duk muke kira Adda, ta ɗauke jaririyar daga cinyata ta ɗaga ta sama ta ce, "Wannan tawa ce. Ke kin haifa, kin gama naki." Mata suka rangaɗa guɗa. Adda 'ya'yanta duk maza ne, sun kuma girma, ta daɗe tana ƙishirwar mace. Ba a ɗauke min yarinyar ba, a ɗakina ta tashi, amma kowa ya san magana a kanta ta Adda ce. Tsakani da Allah tana son ta, ban taɓa musun wannan ba. Sai dai Adda shago gare ta a Kasuwar Jalingo, shagon sarin kayan kwaɗayi: biskit katan-katan, alawar tsinke, cingam, cakulan, da lemon roban nan mai rina harshe ja ko kore. Duk wanda take so, da abin da ke shagon take nuna masa.

Ni kuwa zaƙi tsoronsa nake ji, kuma da dalili. Ciwon suga ne ya cinye babana a hankali ina kallo, ya fara da ido ya gama da ƙafa. Tun daga nan na ƙudure cewa 'ya'yana ba za su tashi da sukari a baki ba. Innata kuma ba ta taɓa barinmu da hannu wofi ba, duk motar da ta taso daga Sunkani sai an sauke mana wani abu: gyaɗa, gujjiya, riɗi, dankali, wani lokaci doya. Da yarinyar ta shiga makaranta, da safe kunun gyaɗa nake dama mata da tsamiya, sukari ɗan kaɗan don kada ta ƙi. A kularta in sa dafaffen ƙwai ko dankali, da gyaɗa cikin tafin hannu, da yankan gwanda ko gwaiba, in lokacin mangwaro ne to mangwaro. In mai nono ta biyo layinmu in sayi kindirmo in ajiye mata na yamma. Ban hana alawa kwata-kwata ba, ni ma ai mutum ce. Ranar Juma'a ana sha, da sallah ana sha, a wanke baki a wuce wurin. Kuma tana ci, wallahi tana ci, kular fes take dawowa.

Ranar da abin ya fara, ana shirin biki ne a gidan surukata, Dada. Mata cike da tsakar gida, ana gyaran shinkafa, ana yankan albasa. Na biya makaranta na ɗauko yarinyar muka wuce can. An tashe su da wuri, ba ta samu ta ci abincinta ba. Adda na ganinta ta janyo ta jikinta, ta karɓi jakar ta ce, "Bari in ga me aka sa wa 'yata yau."

Ta buɗe kular. Ta karkata kai, sannan ta ɗaga ta sama yadda kowa zai gani.

"Innalillahi! Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. Gyaɗa da dankali! Wai 'yar gidan nan ce, ko ɗan biri ake kiwo?"

Aka kwashe da dariya.

"Duk Jalingo an san shagona," in ji ta. "A ce 'yata ce take buɗe wannan a gaban 'ya'yan mutane? Haba, a rufa mana asiri mana."

Ta miƙa hannu ta juye kular a gaban akuyar da ke ɗaure a gindin dalbejiya. Ta zuge jakarta ta fito da biskit da lemon roba ta danƙa wa yarinyar.

Na san ƙa'ida, na san bai kamata in tanka ba. Amma gyaɗar nan Innata ce ta noma ta da bayanta mai ciwo, ta ɓare, ta aiko. Sai na ji bakina ya ce, "Adda, ai abinci ne."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Dada ta ɗago daga kan tabarma ta dube ni.

"Ke! A kan 'yar fari kike ɗaga murya? Ina semteende?"

Wata daga can baya, wadda har yau na san muryarta, ta ce, "A yi mata uzuri, ba a saba ba ne a can wajensu." Na sunkuyar da kai na ci gaba da tsintar shinkafa, idona na kan akuyar nan tana taunar gyaɗar uwata har da lumshe ido. Abin da ya fi ƙona min rai, ita ma yarinyar dariya take yi, don ta ga kowa na yi. Na ce a raina, Adda, Allah dai ya ba mu rai da lafiya.

Daga ranar kular ta fara dawowa da kaya a ciki. Makarantar ba ta da nisa da kasuwa, sai Adda ta tsara cewa in an tashi a riƙa kawo mata 'yarta shago ta huta, sai la'asar a maido ta gida. Wa zai ce a'a? Ta dawo harshe kore, ciki a cike da iska. In zuba tuwo ta tsakura ta ture. In dama kunu ta ce ba sukari. Gwaibar da da take rige-rigen ɗauka, yanzu sai ta yatsina fuska. In na ɗaga katifa in tarar da ledojin alawa a jere, tururuwa na biki a kai.

Na sami mijina da maganar, ba sau ɗaya ba. Shi mutum ne mai gudun fitina, in ya ga hadari ta gabas sai ya bi ta yamma. Ya ce, "Alawa ce fa, ba guba ba."

Na ce, "Ka duba haƙoranta, sun fara baƙi."

Ya ce, "Adda ce ta goye ni. Da wane bakin zan ce mata kada ta ba 'yarta abu? Ki yi haƙuri, yarinta ce."

Haƙuri! A gidan nan in ba a son a yi maka komai sai a miƙo maka haƙuri. Na koma yaƙin ɓoye. In kama alawa in jefa a masai. In tsare ta safe da yamma da buroshi tana kuka ina dirzawa. Ita kuma ta koyi dabara, ta cinye komai a shago, ta goge baki, ta dawo tana rantsuwa ba ta sha komai ba. 'Yata ta koyi yi min ƙarya a kan minti. Wata rana na ajiye mata dafaffiyar gujjiya, ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Goggo ta ce abincinki na ƙauye ne." Goggo take kiran Adda, ni kuma Umma. Hannuna ya ɗaga, na mayar da shi. Ba ita ce ta cancanci marin ba, na san mai shi.

Da ta fara famfara, haƙoran gaba da suka yi baƙi suka zube ɗaya bayan ɗaya. Adda ce ta koya mata abin da ake yi: a jefa haƙorin kan rufin kwano, a kuma rufe baki kada ƙadangare ya ga giɓin, in ya gani sabo ba zai fito ba. Yarinyar ta riƙe wannan da gaske. Ta riƙa yawo da hannu a baki, in ta hango ƙadangare a katanga ta juya masa baya da gudu. Sababbi kuwa suka fito farare tas. Adda ta riƙo haɓarta a gaban Dada ta nuna.

"Ina ruɓar da ake ta yi mana kuka a kai? Ga su nan. Na yara ai zubewa suke yi, wasu su fito. Mu ma haka muka tashi."

Ta faɗa tana kallon wani wajen, amma ni ake nufi. Na haɗiye. Na iya haɗiya sosai a shekarun nan, har na fara jin abin yana taruwa a ƙirjina.

Sai wata safiya yarinyar ta tashi kunci a kumbure, ido ɗaya ya ƙanƙance, ta kasa ko haɗiyar kunu. Dama ta kwana biyu tana tauna da gefe ɗaya tana ɓoye min. Babanta ya yi tafiya. Ban nemi izinin kowa ba, na saɓa mayafi na tare keke mai ƙafa uku muka tafi wajen likitan haƙori. Wani dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya wasa, ba ya kuma rage murya. Ya haska bakinta ya daɗe yana dubawa, ya ja tsaki.

Ya ce, "'Yarki ce?"

Bakina da ya saba ya riga ni. Na ce, "'Yar yayar mijina ce." Haka nake amsawa ko'ina, ko a makaranta, ko a gidan biki, don haka aka koya min.

Ya ce, "To ki saurara ki kai mata saƙo. Wannan matauni ne, na can ciki. Shi ba ya jiran wani ya faɗi, a bayan na yarinta yake fitowa shiru, shi ya sa mutane suke ɗauka na famfara ne. Ba na famfara ba ne. Sau ɗaya Allah yake ba da shi. Ya ruɓe har saiwa, ba abin da zan iya ceta, sai cirewa. Zan ba da magani kumburin ya sauka tukuna. Ranar cirewa kuma uwar ta zo da kanta, ina son in ga wadda take ciyar da yarinyar nan."

A keke na yi kuka, kukan da ban yi ba tun rasuwar babana. Na rungume ta a ƙarƙashin mayafi inda ba mai gani, ina jin zafin kuncinta a ƙirjina. Mai keken, wani ɗan ƙabilar Mumuye, ya waigo ya ce da 'yar Hausarsa, "Mama, yarinya zai warke, ka yi haƙuri." Na gyaɗa masa kai. Muna gab da shiga Majidaɗi hawayen ya tsaya cak, don maganar likitan ta dawo min: uwar ta zo da kanta. Na share fuska. Wallahi har murmushi na yi.

Na ba ta maganinta a kan lokaci, na dama mata kunu mai ruwa-ruwa, na murƙushe mata dankali da kindirmo, har kumburin ya sauka. Ban gaya wa kowa cirewa za a yi ba. Ana gobe za mu koma, na tafi gidan Dada da la'asar, na durƙusa har ƙasa, na yi ƙasa da murya.

"Dada, yarinyar Adda ce haƙori ya dame ta. Likita ya ce lallai uwarta ta je. Ni kuwa ba zan iya tsayawa a kanta a gaban mutane ba, da kunya."

Dada ta dube ni da wani irin daɗi da ban taɓa gani a fuskarta ba. Ta ce, "Yawwa. Yanzu kika zama 'yar gida." Ta aika a gaya wa Adda.

Adda ta zo da safe cikin leshi, da sarƙa da awarwaro, turare na tashi, sai ka ce ɗaurin aure za ta. A keke ta buɗe jaka ta nuna wa yarinyar alawar tsinke ta ce, "In ba ki yi kuka ba, taki ce." Na kalli titi.

Da aka kira mu, ma'aikaciyar da ke ƙofa ta ce, "Wace ce uwar?"

Na ja mayafi na rufe rabin fuska. Adda ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ni ce."

Muka shiga tare. Aka kwantar da yarinyar a kujerar nan mai kwanciya. Ni na tsaya can wajen ƙafafunta, na zura hannu ta ƙarƙashin mayafi na riƙe mata tafin ƙafa, don ta san ina nan. Adda aka sa a wajen kai.

Likita ya dube ta sama da ƙasa ya ce, "Hajiya, ke ce uwar? Matso. Matso sosai, ba daga nesa ba."

Ya sa ɗan madubinsa mai mariƙi a bakin yarinyar, ya karkato fitila. Adda ta leƙa, ta yi baya. Ya ce, "A'a, duba dai. Kin ga ramin nan? Kin ji warin? Me kike ba ta?"

Adda ta ce, "Abinci dai, likita, irin na yara."

"Wane iri?"

Ta fara in-ina. Sai ya juya ga yarinyar ya ce, "Ke, me kike ci in an tashi makaranta?" Ita kuwa baiwar Allah, da zuciya ɗaya, ta fara lissafi, har da alfahari: alawar tsinke, cingam, biskit mai kirim, lemo ja, lemo kore, cakulan in Goggo ta buɗe sabon katan. Ya ce, "Kullum?" Ta ce kullum. Ya ce, "Ba a ba ki gyaɗa, ko ƙwai, ko 'ya'yan itace?" Ta nuna Adda ta ce, "Ana sa min a kula, amma Goggo ta ce na ƙauye ne."

Kai! Da Allah ya ba ni ranar nan in tsara da hannuna, da ban iya tsara ta haka ba.

Likitan ya ajiye madubin. Bai yi zagi ba, amma da ya yi zagin da ya fi sauƙi. Ya ce, "Hajiya, garin nan gyaɗa da gwanda da mangwaro har zubarwa ake yi, ga nono ana yawo da shi ƙofa-ƙofa. Kin bar duk wannan kin ɗora yarinya a kan sukari safe da yamma. Yanzu zan cire mata haƙorin da ya kamata ta tauna nama da shi har ta ga jikokinta."

Adda ta ce, "Ai wani zai fito, likita. Na gaban ma haka suka yi."

Ya ce, "Wannan ba ya fitowa. Ya tafi ke nan."

Yarinyar ba ta ji wannan ba, hankalinta na kan allurar da ma'aikaciya ke haɗawa. Adda kuwa ta ji. Ta juyo ta dube ni, kallon mai neman a cece shi, a ce wani abu, a ce ai ba ita kaɗai ba ce, a ce ai ga wadda ta haife ta nan. Na sauke idona ƙasa, kamar yadda aka koya min. Ai uwa ba ta da baki a kan 'yar fari. Na ƙura wa siminti ido ina jin wani sanyi yana ratsa ƙirjina, sanyin da na shekara da shekaru ina jira.

Ya ce, "Riƙe mata kai da hannuwa. Ki riƙe da kyau."

Ba zan bayyana yadda aka yi ba, duk uwar da ta taɓa tsayawa a irin wurin ta sani. An yi allurar kashe zafi, amma tsoro ba a yi masa allura. Ta yi ihu, ta yi ta shure-shure, ƙafarta a hannuna ina matsawa ina karanta duk abin da ya zo bakina a zuci. Haƙorin ya ƙi fita da daɗi, ya karye, sai da aka bi saiwar. Fuskar da take kallo a samanta duk tsawon lokacin, fuskar Adda ce. Hannun da ya danne ta, hannun Adda ne mai awarwaro. Jini ya ɗiga a leshin. Da aka gama, Adda ta jingina da bango, gumi ya wanke mata hoda, ɗankwali ya zame. Ban ji tausayinta ba ko na ƙwayar gero. Tausayina duk yana kan kujerar nan.

Yarinyar, da auduga a baki, ta miƙa hannu tana nuna farantin ƙarfe. Haƙorinta take so. Ma'aikaciya ta naɗe mata babban ɓarin a auduga ta ba ta. Ta damƙe shi a hannun hagu, ta rufe bakinta da na dama.

Muka hau keken komawa. Alawar tsinken tana cikin jaka, ba a sake jin labarinta ba. Adda ta ce a sauke ta a kasuwa, na ce, "Haba Adda, ai Dada na jiran ki kai mata 'yarki ta gani." Ba yadda ta iya.

Muka tarar da Dada a inuwar dalbejiya da wasu mata biyu na gidan, cikinsu har da mai muryar nan da ta ce ba a saba ba a wajenmu. Rana ta take, ƙadangaru sun fito shan ɗumi a katanga suna ta gyaɗa kai. Yarinyar na ganinsu ta ƙara danne bakinta, ta ɓoye a bayana. Ta ja mayafina, ta yi magana ta cikin yatsu da auduga.

"Umma, bai gani ba. Tun daga asibiti na rufe. Yaushe sabon zai fito?"

Na so in durƙusa in rungume ta in yi mata ƙarya mai daɗi. Amma ga Dada, ga mata, ga akuya a ɗaure a inda aka saba. Na cire hannunta daga mayafina a hankali, na juya ta ta fuskanci Adda, na faɗa da ladabin da ya fi kowane ladabi:

"Tambayi Goggonki. Ita ce uwarki, ita likita ya yi wa bayani."

Ta taka ta je gaban Adda. "Goggo, yaushe zai fito?"

Dada ta ce, "Ke, yarinya na tambayarki. Me likitan ya ce?"

Adda ta zauna a kan turmin da ke kife a wurin, ita da ko kujerar roba sai an goge mata take zama. Ta ce, murya can ƙasa, "Ba zai fito ba."

"Ko ƙadangare bai gani ba?"

"Ko bai gani ba."

Dada ta ce, "Subhanallahi, garin yaya?" Adda ce ta amsa mata da kanta, da Fillanci, tana kuka. Ni Fillancina bai taka kara ya karya ba, amma na tsinci sunan alawa a ciki, na kuma ga matar nan mai murya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin zaninta.

Yarinyar ta tsaya tana kallon audugar da ke hannunta. Ta dubi Adda, ta dube ni. Sannan ta ja da baya, ta ɗaga hannu ta wurga haƙorin kan rufin duk da haka. Muka ji ƙararsa a kwano, ƙaramar ƙara, ya gangaro ya maƙale a wani wuri. Ta mayar da hannu ta rufe bakinta.

Ta daɗe tana rufewa. An gaya mata, ta ji, amma ta ƙi yarda. Wata da watanni in ta ga ƙadangare sai hannun ya tafi baki, da safe kuma in gan ta gaban madubi tana leƙa wurin da harshe.

Mijina da ya dawo ya ji labari, ya ce ko a daina kai ta shago. Dada ma ta aiko cewa daga yau abin da na ga dama shi za ta ci. Na ce a'a, a ci gaba da kai ta, ai ba a raba 'ya da uwarta. Kullum da safe in cika kula da gyaɗar Sunkani, da dankali, da gwaiba yankakkiya ƙanana don ta iya taunawa, in ƙara da na yamma, in ce, "Wannan a shagon Goggo za ki ci, a gabanta." Haka aka yi. Ta zauna a kan benci tsakanin katan-katan na biskit, ta buɗe kularta, ta karkata kai tana tauna da gefe ɗaya, Adda na zaune tana kallo, maƙwabtan shago na wucewa suna tambaya me ya sami bakin 'yar Hajiya.

Ban taɓa ce wa Adda komai a kai ba, har yau. Muna gaisawa, muna zuwa biki tare, in ta yi rashin lafiya ina kai mata kunu. Yarinyar yanzu ta zama budurwa, ta fi ni tsawo, ita ke haɗa wa ƙannenta kula da safe, kuma ba ta sa musu alawa. In ta yi dariya sosai, ta jefa kai baya, ana hango wurin can ciki, duhu, babu komai. Duk sanda ta yi irin dariyar nan a gidan Dada, ni ba ita nake kallo ba. Adda nake kallo, in jira har ta kawar da kai.